Daminar da Na Saƙa Likkafanin Inna

Ku ƴaƴana, da ku jikokina da kuka shiga lakol kuna karatun boko, na san kun sha jin ana kirana Ɗan Tarihi a kasuwar Gidan Rumji, kuma na san abin da ake gaya muku. Wai akwai daminar da ubanku ya bar gonarsa ga awaki, ya tafi Kano ya zauna ƙarƙashin itace baƙi suna ɗaukarsa hoto. Ban taɓa musu ba, domin rabin maganar gaskiya ce. Sauran rabin ne nake so in rubuta muku tun hannuna yana iya riƙe alƙalami.

Kakarku, wadda muke kira Inna, macen kaɗi ce. Tun ina yaro ban san ta zaune hannu sake ba. Tana da ƴan itatuwan auduga a bayan ɗakinta, kaɗa muke ce mata a nan. Ita ke tsinka, ita ke gurzawa, ita ke shiɓa, sannan ta zauna a inuwar rumbu da mazarinta da allinta, tana murza zare tana sauraren duk abin da ke gudana a gidan, har wanda ba a so ta ji. Da zarenta aka saƙa farin da aka yi wa mahaifinmu likkafani. Uwarta da kakarta ma cikin zaren hannunsu aka kai su. Don haka bayan rasuwar Baba ta fara tara nata, mazari bayan mazari, tana zubawa a wata tsohuwar tukunya tana rufewa da faifai saboda gara da ɓera. Ba da baƙin ciki take yi ba. Yadda mace ke tanadin kayan miya tun kaka, haka take yi, wani lokaci har da ƴar waƙarta.

Sai dai kafin zaren ya cika, masaƙin garinmu ya riga ta tafiya. Shi kaɗai ya rage a ƙauyukan Gidan Sori da muka sani. Ƴaƴansa sun kama kabu-kabu da babura, itacen masaƙarsa ma an hura wuta da shi. Na bi kasuwanni ina cigiya, Tibiri, Maraɗi, har Sae Sabuwa inda aka kwatanta mini wani tsoho, na je na tarar tuni an yi sadakar arba'in ɗinsa. A bazarar shekarar ne ƙafafun Inna suka kumbura, numfashi ya fara yi mata wuya. Muka ɗora ta a amalanke zuwa likita, aka ba da magani, mai dubawar ya ja mu gefe ya ce mu riƙa lallaɓa ta, zuciyar ce ta gaji.

Yayana Lawali, Baba Lawali naku, shi ne babba a gidan, mutum mai tsare gida da tsare magana. Bai yi shawara da kowa ba ya je ya sayo farin yadi mai kyau, ya durƙusa ya ajiye a gabanta.

"Inna, addini bai ce sai zaren hannu ba. Hwari mai tsabta, shi ke nan. Ga shi na sawo, a aje."

Gaskiya ya faɗa, malamai ma haka suka ce. Inna ba ta kiran sunansa, tun da ɗan fari ne, ba ta ma cika duban fuskarsa ba. Ta shafa yadin da bayan hannu, ta tura shi gefe, ta juyo wajena.

"Sani, hwaɗa ma wancan na gode. Amma ban san gonar da anka shibka kaɗar ga ba, ban san hannun da yat taɓa ta ba. Ubanku na can cikin zarena. Ni kuma in tahi cikin na kanti, kamar baƙuwa?"

A lokacin ina ɗan fataucin wake zuwa Kano da rani. Da zan yi tafiyar ƙarshe kafin saukar damina, na juye tukunyar a buhu, na ɗaure, na rungume shi a mota tun daga gida har muka ƙetare iyaka. A zatona birni kamar Kano ba a rasa komai. Bayan na sauke wake na shiga neman masaƙa, na kuwa same su, amma duk da zaren kamfani suke aiki, mai launi da walƙiya. Wanda na buɗe wa buhuna sai ya ja zaren, ya tsinke a hannunsa, ya mayar mini yana girgiza kai. Da na koma masauki a gajiye, mai masaukina, wani dillalin hatsi mai yawan barkwanci, ya leƙa buhun ya ce:

"Malam Sani, ai irin wannan zaren sai gidan tarihi."

Wasa yake yi, kuma na san wasa ne. Amma ba ni da sauran wurin zuwa, sai na ce ya kwatanta mini.

Gidan tsohon ginin ƙasa ne mai kaurin bango, cikin tsohon birni. Ban taɓa shiga irinsa ba. Na tsaya a bakin zaure ina rafka sallama, ina jiran mai gida ya fito. Mai gadi ya bari sai da na gaji, sannan ya yi dariya ya ce ai gidan na kowa ne, ya yanka mini ƴar takarda. Na tuɓe takalmi, ya ce in mayar. Na kasa, sai na riƙe su a hannu ɗaya, buhu a ɗayan, haka na shiga. Ɗaki yana kai ka ɗaki, sanyi kamar cikin randa. Na ga tsohon ƙyauren ƙofar gari, baƙi ƙirin, da ƙarafa a jikinsa, wanda sai ƙarti da yawa ke iya turawa. Na ga siffar ganuwa an gina ta ƙarama a kan tebur, da ƙofofinta duka. Na ga kuɗin wuri da ake ciniki da su a da, da hotunan ayarin raƙuma, da na marina, da na dalar gyaɗa mai tsawo har mutum ya zama ɗan tsito a gindinta, da na ranar da jirgin ƙasa ya fara shigowa. Na daɗe ina zuwa Kano, amma ban san komai nata ba sai tashar mota da sikelin dillalai. Ranar ce na ga garin yana da iyaye.

A wani ɗaki ne raina ya sosu. Bayan gilashi aka jera dutsen niƙa, da ƙwarya, da maburgi, da mazari da ɗan allinsa a gefe. Aka rubuta a ƙasa wai kayan da matan da suke aiki da su. Mazarin nan ba shi da bambanci da na Inna, har inda yatsa ya cinye itacen. Na ce a raina, ashe mu an riga an gama da mu ba mu sani ba. Ina nan tsaye na ji wata ƙara daga tsakar gida, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Rabona da jin ta tun masaƙin garinmu yana da rai, amma ƙafata ta gane ta kafin kaina.

Wani tsoho ne siriri zaune ƙarƙashin darbejiya, ƙafafunsa suna taka masaƙa, ƙoshiya tana kai da kawo a hannunsa. Malam Ilu sunansa. Gidan ne ya ajiye shi don baƙi su ga yadda ake saƙar da. Na gaishe shi, na durƙusa na buɗe buhu. Ya ɗauki mazari ɗaya, ya murza zaren a yatsa, ya kai hanci ya sansana.

"Rabona da taɓa irin wannan tun mahaifiyata," in ji shi. "Na waye?"

Na gaya masa komai. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya nuna idanunsa, na ga wata farar yana ta fara rufe su.

"Bagobiri, ƙafa ina da ita, hannu ina da shi, ido ne babu. Wannan na kamfani da kake gani ba ya tsinkewa, shi ya sa nake iyawa. Zaren tsohuwa kuwa, wani wuri kauri wani wuri siriri, zai yi ta tsinkewa ne. Wa zai nemo mini bakin zaren ya ƙulla?"

"Ni, Baba."

"Ka taɓa?"

"Igiyar jaki dai na saba ƙullawa."

Ya yi dariya har da tari. Ya aika aka kira matar da ke kula da ɗakunan gidan, wata Hajiya mai tabarau. Na ɗauka za ta kore ni da buhuna. Ta ji bayani, ta dubi zaren, ta ce ita ma kakarta haka ta yi. Ta je ta nemo izini, ta dawo ta ce in zauna, sharaɗi ɗaya ne, kada in hana baƙi kallo. Ban san sunanta na yanka ba har yau, amma ba ta fita daga addu'ata.

Muka jiƙa zaren da ruwan ƙullu don ya yi ƙarfi, muka shanya, muka yi wadari, wato jera zaren tsaye a tsakanin turaku daga wannan bango zuwa wancan. Sannan aka ɗaure ƙarshensa a kan kunkuru, wani ɗan katako da ake ɗora wa dutse yana jan zaren ya miƙe. Malam Ilu yana saƙa, ni ina tsugune a gefe ina gadin zare. Da ya tsinke sai in nemo bakin, in lasa yatsa, in murza in haɗa. Aikin da na zaci na mako guda ne ya yi ta jan ƙafa, domin ba a taɓa yin kamu ɗaya ba a tsaya ba. Ana cikin haka bayan tsohon ya riƙe. Wata safiya ya zo yana dogara sanda, ya kasa ko sunkuyawa. Ya dube ni ya nuna mazaunin.

"Shiga. Ka kalla ya isa."

Ku da kuka san hannuna kun san hannun hauya ne. Ƙoshiya ta yi ta kuɓuce mini tana faɗawa ƙasa. In na tuna da ƙafa sai in manta da hannu. Malam Ilu yana kwance a tabarma, ba ya ko dubana, da kunne yake gane kuskurena.

"Ka buga da ƙarfi, ba kai kake sosawa ba! Kai, a hankali, ba ɗan sanda ne ya biyo ka ba!"

A nan ne ƴan makaranta suka fara taruwa a kaina. Mai yi musu bayani ya riƙa nuna ni da sanda yana cewa ga yadda kakanninmu suke saƙa, ni kuwa ko mako biyu ban yi da fara taka abin ba. Suna ta ɗaukar hoto da wayar salula. Ɗaya daga cikin hotunan nan ne ya yi yawo har ya faɗa hannun wani ɗan garinmu, ya nuna a majalisa. Kun ji asalin sunan.

Farin bai kai rabi ba aka kira ni daga gida. Yaya Lawali ne, ina jin hayaniyar mutane a bayansa.

"An yi ruwan shibka jiya, ƙasa ta sha har gwiwar hannu. Kowa na gona. Kai kana ina?"

Na gaya masa.

"Saƙa? Ɗan gidan ga? Mu manoma muke, Sani, tun kakanni. Mutane na ta dariya. Ka komo gobe, ɗiyanka hatsi za su ci, ba zare ba."

Nan ma gaskiya ya faɗa. Ku kuna ƙanana, uwarku Rabi tana da goyo, ba wanda zai riƙe mini gonar tudu. Sai na ji an karɓi salular, na ji numfashi yana fita da ƙyar, kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi.

"Sani."

"Na'am, Inna."

"Komo gida ka yi shibka. Na wancan ma hwari na. Allah ba shi duban tuhwa."

Tun da nake ban taɓa ƙin maganarta ba. Amma na san muryar Inna in tana nufin abu, na kuma san muryarta in tana sauke wa ɗanta kaya ne kawai. Na yi lissafin abin da ke gabana. In na tafi, ba mai ƙulla wa Malam Ilu zare, kuma damina ba za ta bar wadari a tsakar gida ba. Kafin kaka in dawo, mai yiwuwa ba tsohon, mai yiwuwa ba tsohuwar. Na ce mata to, na kashe salula, na koma na zauna a masaƙa. Hawaye ya hana ni ganin bakin zare, sai da Malam Ilu ya miƙo mini gefen rawaninsa.

"Share," ya ce. "Gishiri yana cin zare."

Daga ranar na daina ɗaga kai in baƙi sun zo. Da an buɗe gida ina ciki, sai an rufe nake fita. In hadari ya taso mu naɗe wadarin a guje mu shige zaure, in an ɗauke mu mayar. Lokacin salla kaɗai nake miƙe baya, in bi ta ɗakunan nan in sha sanyinsu. Akwai wata taswira a bango mai nuna hanyoyin fatake na da, na riƙa tsayawa a gabanta. Hanya ɗaya ta yi arewa, ta bi ta Katsina, ta ratsa ƙasarmu. Mai bayani ya ce ta nan ake shigo da fari daga ƙauyuka, a rina a birni, a kai har bayan hamada. Na tuna da mazarin bayan gilashi, sai na ji raina ya daina sosuwa. Ashe arzikin garin nan da hannun mata irin Inna a ciki, kuma mutanen gidan sun sani, shi ya sa suka ajiye shi inda ƙura ba za ta taɓa ba.

Ranar da kunkuru ya iso gabana, zaren ya ƙare, Malam Ilu ya naɗe zugun farin da muka saƙa da hannunsa, ya auna da kamu ya ce ya isa har da saura. Na rasa da me zan gode masa. Na ciro abin da ke aljihuna, ya ture hannuna kamar na miƙo masa garwashi. Maimakon haka shi ya ba ni tsohuwar ƙoshiyarsa, wadda ta yi santsi don shekaru.

"Ka gaida tsohuwa. Ka ce ta sa ni a addu'a, ni na kanti za a sa mini."

Ban sake ganinsa ba. Da na koma da rani aka ce ya koma ƙauyensu, daga baya aka ce ya cika.

Na iso gida hatsin mutane ya kai gwiwa. Rabi ta yi iya ƙoƙarinta a gonar bayan gari, amma ta tudu ciyawa ce kawai. Ban ko sha ruwa ba na wuce ɗakin Inna. Na tarar da ita zaune an jingina ta da bango, ta rame, amma idonta tar. Na ajiye zugun a cinyarta. Ta fara warwarewa tana bi da yatsa, tana gane zarenta, wannan na shekarar fari ne, wannan na shekarar da aka haifi wance. Can sai yatsanta ya tsaya.

"Nan hannu ya sake. Na hwarko gwani na. Wanga kau, wa yay yi shi? Wuri ya matse, wuri ya saki, kamar shingen da iska tab buge."

"Ni na, Inna."

Ta ɗago ta dube ni, ta sake duban farin. Sai ta fashe da dariya, dariyar da ta daɗe ba ta yi ba, har sai da Rabi ta riƙe ta. Da ta lafa ta jawo wajen nan mai muni ta ɗora a fuskarta, ta daɗe a haka.

"A sa mani wanga daga ciki," ta ce, "shi ka taɓa jikina."

Abin da ya biyo baya kun san shi da cikinku. Na shuka gonar tudu a makare, hatsin ya fitar da kai ruwa ya ɗauke. Rumbuna bai kai mu ko tsakiyar rani ba. Daga rumbun Baba Lawali kuka ci a shekarar, uwarku ce ke zuwa da ƙwarya ana auna mata, kuma na san abin da hakan ya yi mata. Bai taɓa hana mu ba, bai taɓa gori ba, amma bai kuma ƙara yi mini maganar da ta wuce gaisuwa ba. A masallaci kafaɗa da kafaɗa, a gida kamar maƙwabta. Wannan shirun ya fi yunwar ciwo a wurina.

Inna kuwa, da ta ga farinta a ƙarƙashin matashi, sai ta samu sauƙi. Ta ci kakar nan, ta ci wata damina, har tana tsokanar tsararrakinta wai ita ta gama shiri su ne ke bacci. Da sanyin shekara ta biyu ta cika, da hantsi, ba wahala. Matan da suka yi mata wanka sun ɗinka farin yadda ta ce. Ni da Yaya Lawali muka shiga kabari muka karɓe ta. Da muka kwantar da ita a gefen dama, na ga hannunsa ya tsaya a kan likkafanin. Yana shafa shi da babban yatsa, yana bin ƙulle-ƙullen nan nawa ɗaya bayan ɗaya, har sai da liman ya yi gyaran murya sannan ya ɗauke hannu.

Bayan sadakar uku, da baƙi suka watse, ina zaune a zaurena na ji sallamarsa. Rabonsa da shiga zauren tun kafin tafiyata Kano. Na tashi na ba shi buzu, ya ƙi zama. Ya tsaya yana duban rufin ɗaki kamar ya zo duba gara.

"Waccan sana'a," ya ce, "ba ka mance ta ba ko?"

"Ban mance ba, Yaya."

"Uwar ɗiyana ta iya kaɗi, ko da ba kamar Inna ba."

Ya tuɓe hularsa, ya miƙe sosai, ya haɗa ƙafafunsa.

"To auna ni tun ina tsaye."

Na tashi na auna shi da kamun hannuna, daga dunduniya har ƙeya. Na ƙirga kamu nawa nasa likkafanin zai ci.